Igiya a Hannun Matafiyi

Gawo da damina yake kaɗe ganyensa, garuruwan ƙasar Gidan Sori kuwa da rani suke kaɗe mazajensu. Da an ɗaure damman hatsi an jibge a rumbu, sai a ga samari da magidanta suna tare mota a bakin hanya, wannan ya nufi Kano ko Legas, wancan Agadas da Sabha, wani Tamanrasat, wani Abijan. Cin rani ake ce wa tafiyar, ko biɗa, kuma sunan farkon kansa alkawari ne: rani za a ci, a dawo kafin ruwan shuka. Mafi yawa suna cikawa. Amma da wuya a sami garin da ba shi da nasa mutum wanda raninsa ɗaya ya zama biyar, biyar ta zama goma, ya bar mace a halin da ake kira ba aure ba zawarci. A majalisa da wurin wa'azi ana yawan cewa sabuwar fitina ce, Libiya da wayar salula suka kawo ta, matan yanzu kuma ba su gaji haƙurin iyayensu ba. Wanda ya bi tarihin abin zai ga ba haka ba ne. Doguwar tafiya ta girmi iyakar Nijar da Najeriya, hanyar kwance auren matafiyi ma ta girme ta, kuma tun asali ba shekarun da miji ya yi a waje alƙali yake fara ƙirgawa ba. Tambayarsa ta farko ita ce wa ke ciyar da matar. Amsar wannan tambaya ce ta canza a zamaninmu.

Gidan Sori ƙasar Gobir ce, yamma da Tsibiri, kusa da iyaka, kuma Gobirawan wannan yanki su kansu ƙaura ce ta zaunar da su. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, a 1836 aka yi yaƙin Gawakuke inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka mutu a hannun rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, bayan nan Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri. Duk ƙarnin hari ne da ramuwar hari, kowane hari kuma yana barin matan da ba su sani ba ko mazansu sun kwanta a daga ko an kora su kasuwar bayi. Ban da yaƙi ga fatauci: ayarin goro zuwa Gwanja yakan shafe watanni kafin ya juyo, zangunan Salaga da Kumasi kuwa fataken da suka sauke kaya suka yi aure can ne suka cika su. Hajjin ƙasa ya fi kowace tafiya cin shekaru. Mutum ya bi ta Barno da Wadai da Darfur yana ƙodago yana ƙara gaba, da aka buɗe gonakin audugar Jazira a Sudan a 1925 sai mahajjata da yawa suka tsaya neman guzuri, guzurin da har jikokinsu ba su gama tarawa ba. Turawa suka ja iyaka tsakanin 1906 da 1908, Tsibiri ga Faransi, Sabon Birni ga Ingilishi, haraji da kamun soja da aikin dole, wanda ba a soke ba sai 1946, suka riƙa tura mutane ƙetare.

Jama'ar da ke da matafiya haka ba za ta rasa doka a kansu ba. Littattafan da ake karantawa a zaurukan Maraɗi da Tsibiri, wato Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Halil wanda malamanmu ke kira Lawwali da Sani, da Tuhfa ta Ibn Asim alƙalin Garnaɗa, sun kasa mijin da ba ya nan kashi-kashi, kasawa irin ta mutanen da suka san hanya. Akwai mafƙudi, wanda labarinsa ya yanke ɗif. Matarsa ta kai ƙara, alƙali ya sa cigiya, in an rasa shi a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta yi aurenta. Hukuncin Sayyidina Umar ne, Imamu Malik ya riƙe shi. In mijin farko ya ɓullo kafin na biyu ya tare da ita, matarsa ce. In an riga an tare, ta kuɓuce masa. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya cika shekarun da sa'o'insa ba su cika wucewa ba, saba'in a mafi shaharar magana. Wato gona da shanu suna iya jiran wannan dogon lokaci, matar ba a ɗora mata ba.

Shekara huɗun ma da sharaɗinta, wanda masu wa'azin haƙuri suke yawan tsallakewa: sai in mutumin ya bar abin da za a ciyar da ita. In bai bar komai ba, an tashi daga babin ɓata an koma babin rashin ciyarwa. Ta kawo shaidu cewa matarsa ce kuma ba ya nan, ta rantse bai bar mata abinci ba, bai aiko ba, bai wakilta kowa ba, ita ma ba ta yafe masa ba. Alƙali ya jinkirta gwargwadon ganinsa, kamar wata ɗaya ko biyu, sannan ya sake ta a madadinsa. Kashi na uku shi ne wanda aka san inda yake, yana ma aiko da abinci, amma ya ƙi dawowa. Shi rubuta masa za a yi: ko ka zo, ko ka ɗauke ta zuwa inda kake, ko ka sake ta. In ya yi kunnen uwar shegu, bayan shekara guda a ƙalla, wasu malamai suka ce uku, sai a raba, domin aure ba tuwo kaɗai ba ne. Inda babu alƙali, Halil ya ce jama'ar Musulmi su tsaya a matsayinsa. Ko zancen kwantaccen ciki, da fiƙihun Malikiyya ya yarda yana iya kai shekara huɗu ko biyar, likita zai yi masa dariya, amma ya rufa wa matan matafiya da zawarawa asiri ƙarni bayan ƙarni.

Ba kowace ƙasar Musulmi ta sami wannan sauƙi ba. A tsohon ra'ayin Hanafiyya matar mafƙudi jira take har sa'o'in mijinta su ƙare, rashin ciyarwa kuma ba ya raba aure. A Indiya abin ya kai mata suna yin ridda don aurensu ya warware, sai da Maulana Ashraf Ali Tanawi ya nemi fatawar malaman Malikiyya na Madina ya fitar da littafi a 1933, a 1939 aka yi dokar da ta ba mace damar neman rabuwa in miji ya ɓace shekara huɗu ko ya bar ciyarwa shekara biyu. Masar ta riga su, da dokokinta na 1920 da 1929. Abin da Alƙahira da Delhi suka aro da majalisa da muhawara, yana cikin gafakar malamin zaure a ƙasar Hausa tun kafin Bature ya zo.

Mai musu zai ce wannan duk zancen littafi ne. Karkarar Gobir ta wancan zamani cike take da Azna, Inna uwar bori tana da kujerarta a fadar Tsibiri, matar ƙauye kuwa ba ta taɓa ganin Muhtasar ba balle alƙali. Da gaskiyarsa. Sai dai al'ada ta bi tata hanyar ta ɓullo wuri ɗaya da littafi. A gandu ake aure. Gidan uban miji ake kai amarya, gonar gandu ake nomawa, daga rumbun maigida ake awo, ita kuma tana da gamanarta, 'yar gonar kanta, da take taɓawa a ranakun da aka bar mata. In ɗa ya tafi, rumbu bai bi shi ba. Ubansa da ƙannensa suna nan, abin kunya ne kuma a ce surukar gida ta kwana da yunwa. Shi ya sa mace take iya jiran damina uku ko huɗu, a yi ta yabon haƙurinta, a manta haƙurin a kan hatsi yake zaune. Ran da awo ya yanke kuwa ba ta buƙatar takarda. Ta ɗaure kayanta ta koma gidan iyayenta, in ba a zo biko ba, damina ta wuce, wata ta wuce, wani ya fito yana so, sai manya su zauna gaban maigari a mayar wa dangin miji abin da suka kashe, galibi daga aljihun sabon manemi, a kashe auren. Mutuwar aure ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa ta da. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, aure huɗu ta yi, Barbara Cooper kuma, da ta bi tarihin aure a Maraɗi daga 1900 zuwa 1989, ta tarar mata suna shiga suna fita sau da dama a rayuwa ɗaya. Malam da rantsuwa da shaidu yake auna ciyarwa, maigari da ido, amma mudun ɗaya ne.

Gandun nan ne ya fashe. Haraji da kuɗin gyaɗa suka koya wa kowane saurayi riƙe aljihunsa, jama'a ta yawaita, rabon gado ya yayyanka gonaki har ta kai a wurare kamar Agye da Gazawa da Madarumfa magidanci yana da 'yar gonar da ba ta kai shi wata daminar. Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, yunwar 1984 ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da Buhari ya yi har aka raɗa mata suna El Buhari. Mace ce ta fara rasa gona a wannan matsi: Marthe Diarra da Marie Monimart sun nuna a bincikensu na 2006 yadda ake janye gamana daga hannun mata a kudancin jihar Maraɗi, wani lokaci a sa wa abin rigar kulle, alhali ƙasa ce ta yi kaɗan. Cin rani ya tashi daga neman kuɗin haraji da tufafin salla ya koma dabarar rage baki a kan rumbu, rumbun ma a wasu gidaje rufe shi miji yake yi in zai tafi, don a sami na ci lokacin noma. Matar ba gamana, surukai ta kansu suke yi. Wurin zuwan kuma ya ƙara nisa. Gana ta kori baƙi a 1969, Najeriya ta kora a 1983, da naira ta zube hanya ta karkata arewa, yaƙin Libiya na 2011 ya koro dubban 'yan Nijar hannu rabbana. Wanda ya jinginar da gona ya biya kuɗin mota zuwa Sabha ba ya iya juyowa a wata shida, kunyar dawowa ba komai kuma ta fi kurkuku riƙe mutum.

Ƙofar da mace za ta ƙwanƙwasa ita ma ta rarrabu. Faransawa ba su bar wa alƙalai irin ƙarfin da Ingilishi suka bar musu a Kano da Sakkwato ba. Kwamanda ke bisa kotu, malamai da dattawa suna gefe suna faɗa masa abin da al'ada ta ce. Nijar ta gaji tsarin. Dokar shari'a ta 1962, da wadda ta maye ta a 2004, da ta 2018, duk sun ce a sha'anin aure da saki da gado al'adar masu ƙara za a bi, alƙalin gwamnati yana zaune da masu ba shi shawara, waɗanda a ƙasar Hausa galibi malamai ne. Sarakuna ikon sulhu aka bar musu, ban da yanke hukunci. Saboda haka matar da mijinta ya shekara shida a Tarabulus tana iya zuwa wurin liman, ko maigari, ko fada, ko Ƙungiyar Addinin Musulunci da aka kafa a 1974 zamanin Shugaba Kunce, ko jastis a Gidan Rumji. Wanda ya fi kusa da ita shi ya fi ƙarancin iko, wanda ya fi iko shi ya fi nisa da tsada. Maigari kuwa sau da yawa ɗan'uwan mijin ne ko abokin ubansa, abin da zai faɗa ma sananne ne: 'yar nan, ki ƙara haƙuri, mu ga bayan damina.

Shi namiji nisa bai taɓa hana shi saki ba, igiya uku na hannunsa ko yana Makka. Da wasiƙa yake aikowa ta hannun falke ko alhaji mai komowa, daga baya kaset, yau saƙon murya a WhatsApp. Fiƙihu ya san saki a rubuce: in ya rubuta da niyya ya auku nan take, in ya rubuta yana shawara da zuciyarsa sai takardar ta isa. Rigimar tana wurin shaida. In ya dawo ya ce ai tun bara na sake ta, ba wanda ya ji, daga ranar da ya faɗa idda za ta fara. In ya furta a waya cikin fushi gobe ya musa, ita za ta nemo mai shaida. Amma babban aikin da waya ta yi, tun shigowarta Nijar a farkon shekarun 2000, shi ne ta kusa rufe babin mafƙudi. Yanzu ba a cika ɓacewa ba, sai dai a ƙi ɗauka. Mutum ya yi wani aure a Legas ko Kumasi, ya kira sau ɗaya a wata uku, ya turo jaka biyar ta Nita ko Al Izza ana gobe salla. Da wannan ya toshe mata ƙofa biyu: ba a ce ya ɓace, ita kuma ba ta iya dafa Alƙur'ani ta ce bai aiko da komai ba. Saura ta uku, ta cutarwa, mai buƙatar alƙali mai ƙarfin hali, ko hul'i, ta fanshi kanta da sadakin da aka cinye tun shekara goma. Halin nan ne aka yi hani da shi a Suratun Nisa'i, a karkata wurin wata a bar ɗaya a rataye. Kotun ƙasar da yake zaune ba ta amfanin kowa cikinsu, domin auren da aka ɗaura da goro a ƙofar gida ba shi da rajista, mai zaman ɓoye a Sabha kuma ba ya kai kansa gaban hukuma. 'Yan ƙalilan da suka kai Turai tasu matsalar daban ce: tun Fabrairun 2004 babbar kotun Faransa ba ta karɓar sakin da miji ya yi shi kaɗai a ƙasarsu in matar tana zaune a Faransa, takardar kotun Faransa kuma in ta zo gida malam zai tambaya ko mijin ya furta.

Akwai hujjar da ba a yi mata gaggawa. Mutumin nan ba yawon banza ya tafi ba, yunwar gidan ce ta kore shi. Wataƙila yana tsare a hannun masu neman kuɗin fansa, ko yana kwance ba lafiya, ko wanda ya yi wa aiki ya danne masa haƙƙinsa. A ce ya fito daga wannan ya tarar da matarsa a ɗakin wani? Akwai ciwo a nan, malaman da kuma ba su rufe ido a kansa ba. Don haka aka ce a aika masa in saƙo na iya isa, don haka aka sa jinkiri, don haka sakin rashin ciyarwa ya zama na kome: in ya dawo cikin idda da abin riƙe ta, matarsa ce. Abin da ba su yarda da shi ba shi ne a biya uzurin namiji da ƙuruciyar mace da cikin 'ya'yanta. Yarinyar da aka aurar tana da sha biyar, abin da ba baƙo ba ne a jihar Maraɗi, in ta jira shekara goma me ya rage? Daga ɗaya gefen wasu na cewa maganin abin gwamnati ta rubuta dokar iyali guda. An gwada. Daftarin farkon shekarun 1990 ƙungiyoyin addini suka tsaya a kansa har ya mutu, na 2011 ma haka. Ko da ya wuce, takarda a Yamai ba ta cika rumbu a Gidan Sori, haƙƙin da za ta ba matar matafiyi kuma yana nan a littafin da masu adawa da ita suke karantarwa. Har da wanda aka manta. A Andalus masu rubuta takardun aure sun saba sa sharaɗi cewa in miji ya yi tafiyar da ta wuce wata shida, ban da hajji da ake ba shi shekara uku, al'amarin matar ya koma hannunta, ta saki kanta in ta so. Waliyyi a Gobir yana iya faɗin wannan gaban shaidu kafin a shafa fatiha, bai kauce wa mazhaba ko taku ɗaya ba. Sai dai a wurin ɗaurin aurenmu sadaki aka fi ji ana maimaitawa.

Babin da waya ta kusa rufewa, bindiga ta sake buɗe shi. A 2019 'yan bindigar dazukan Zamfara da Sakkwato da Katsina suka koro mutane ƙetare. Kafin ƙarshen Satumba hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga fiye da 40,000 a jihar Maraɗi, galibi mata da yara. Garuruwan gundumar Gidan Rumji, har da na Gidan Sori, su suka fara sauke su, kafin a kwashe wasu zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Da yawansu Gobirawan Sabon Birni ne, sun zo wurin danginsu da igiyar Bature ta raba su da su. A cikin irinsu akwai matan da aka tafi da mazansu daji, waya ta yi ta shiga ana cinikin fansa, rana ɗaya ta daina. Ba gawa, ba kabari, ba wanda ya gani. Halil ya ware wa kowane irin ɓata hukuncinsa: wanda ya ɓace a faɗa tsakanin Musulmi, matarsa tana shiga takaba da an watse daga fagen; kamamme ana jiransa muddin dukiyarsa na ciyar da ita; wanda hanya ta haɗiye kawai, shekara huɗu. Malamin da irin wannan mace ta durƙusa gabansa ta ce Allah gafarta malam, sai ya zaɓi layin da zai sa mutumin da aka ɗauke daga gonarsa a kan babur. Kafin ya kai ga zaɓin zai yi tambayar farko, ko ya bar mata abin ci, alhali rumbun da ake magana a kai yana can ƙetaren iyaka, waɗanda suka tafi da mai shi sun cinna masa wuta tun a daren.